Daga filin jirgi zuwa Harobanda: ina motar talaka?

  Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na ce hanyar filin jirgi, sai wani abokina ya yi dariya ya ce: "Kai da ba ka taɓa hawa jirgi ba, mi ya haɗa ka da filin jirgi?" Gaskiyarsa, ban taɓa hawa ba. Amma na taɓa kwana a can, kuma labarin wannan kwana nake so in fara ba ku.

Lokacin na gama jami'a, ina aikin yi wa ƙasa hidima, wanda muke kira sarbis sibik, ina zaune a ɗakin haya a Harobanda. Gwaggona, ƙanwar babana, ta tafi Umra. Mace ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Maraɗi, shekaru ta yi tana adashi kafin kuɗin su cika. Aka bugo mini salula daga gida aka ce jirginta zai sauka Yamai wajen ƙarfe 2 na dare, in je in tarbe ta, ta huta a wurina kafin ta hau kar ɗin Maraɗi.

Ba ni da mota, ba ni da babur, kuma jika 3 ce duk abin da ke aljihuna. Na san in dare ya yi nisa ba zan samu abin hawa ba, don haka ana sallame isha'i na kama hanya. Na isa da wuri, na zauna ina jira sama da awa 4. Ta fito wajen ƙarfe 3 da akwati biyu da jarkar zamzam, tana ɗingishi, don gwiwarta ta kumbura tun can. Muka gaisa, na karɓi kayan, muka nufi inda motoci ke tsayawa. Na ce wa direban farko Harobanda za mu. Ya dubi kayan, ya dube mu, ya ce jika 7. Na biyu ya ce jika 6, kuma ba ragi.

Gwaggo ta ce: "Ɗana, mi ya ce?" Na faɗa mata. Ta ce: "Jika bakwai? Makka za shi maishe ni?" Ta kwance bakin zanenta ta duba, ƴan canjin da suka rage mata ba su kai ba, kuma ko sun kai, kuɗin motar Maraɗi ne. Muka koma muka samu wuri muka zauna. Muna kallo mutanen da suka sauka tare da ita suna watsewa ɗaya bayan ɗaya, wannan direbansa ya zo, wancan motar otal ta ɗauke shi. Kafin a jima daga mu sai wasu samari biyu da wani dattijo, kowa ya rungumi kayansa yana jiran gari ya waye.

Bayan sallar asuba wata baiwar Allah mai aikin shara, wadda ta tashi daga aikin dare, ta gan mu ta ce: "Hajiya, in bakin titi za ku, ku biyo ni." Ta ɗauki jarkar zamzam, ni na ɗauki akwatuna, Gwaggo tana biye da mu a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ita ce ta nuna mana inda ake tsayawa. Muka shiga faba-faba zuwa wajen Babbar Kasuwa, daga nan muka tari taksi muka ƙetare gadar Kennedy. Duk abin da na kashe, har da kuɗin kaya, bai kai jika 2 ba. Amma ƙarfe 8 ta kusa kafin mu shiga gida, kuma Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta iya taka ƙafar nan.

To, kafin in ci gaba, bari in faɗa wa wanda zai iya samun kansa cikin irin wannan hali yadda ake yi, don wata rana ƙanenka zai dawo daga karatu ko mahaifiyarka daga Hajji.

Filin jirgin Diori Hamani yana kudu maso gabashin Yamai, a kan hanyar Doso, wajen kilomita 10 daga tsakiyar gari. In ka fito da rana kuma kayanka ba su da nauyi, ka ratsa wurin ajiye motoci ka taka zuwa babban titi, ka tsaya ɓangaren da motoci ke shiga gari. Abin hawa iri biyu za ka gani. Na farko faba-faba, ƙananan bas ɗin nan da ke haɗa unguwannin bakin gari da kasuwanni. Sunan daga Zabarmanci ne, faaba na nufin taimako. Ita ce mafi araha, amma tana bin layinta ne kawai, kuma da safe sau da yawa a cike take isowa. Ka tambayi aparanti inda za ta tsaya tun kafin ka shiga, ka kuma gama maganar kuɗin kaya a ƙasa.

Na biyu taksi masu jan kai. Ga baƙon da bai san Yamai ba, taksin nan na haɗaka ne. Kana ɗaga hannu, ya rage gudu, ka faɗi unguwarka. In ta yi daidai da hanyar mutanen da ke ciki zai tsaya, in ba ta yi ba zai wuce ko amsa ba zai ba ka ba, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake. Ana biya ne da kurs, kuma in wurin da nisa sai ya ce kurs biyu. Daga filin jirgi da wuya ka samu wanda zai kai ka Harobanda, Lazare ko Koira Tegi kai tsaye da kuɗin haɗaka. Abin da ya fi shi ne ka raba tafiyar biyu: ka fara isa Babbar Kasuwa, daga nan ka nemi motar unguwarka. Ka riƙe canji a hannu, kuma in za ka ambaci unguwa ka haɗa da wata alama da direbobi suka sani, kasuwa, masallaci ko gidan mai, don da sunan titi ba mai gane ka.

In kuwa cikin dare ka sauka, duk wannan bayani ya tashi a banza. Zaɓinka biyu: ka yi shatar mota da kuɗin da aka yanka maka, ko ka jira asuba. Jirage da dama masu zuwa daga waje kuma cikin dare suke sauka.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu: wanda ya iya sayen tikitin jirgi ai ba zai rasa jika 7 ba. Ni ma haka nake tunani kafin daren nan. Amma ku duba su wa ke bi ta ƙofar. Dubban alhazai kowace shekara, da yawansu manoma da makiyaya da ƴan kasuwa irin Gwaggo, waɗanda suka sayar da dabba ko suka yi shekaru suna tari. Ɗalibai masu karatu a Maroko, Aljeriya, Tunusiya ko Turkiyya, da ke dawowa hutu aljihu wayam. Marasa lafiya da dangi suka yi wa karo-karo aka kai su waje neman magani. Ƴan'uwanmu da ake kwasowa daga Libiya, wasu ba su da komai sai kayan jikinsu. Kowane ɗaya cikinsu kuma akwai mai rakiya ko mai tarba, wanda shi ba jirgi zai hau ba amma dole ya je ya dawo.

Sannan ga waɗanda ba ma lissafawa: ma'aikatan wurin. Masu shara, masu gadi, masu dakon kaya, masu sayar da abinci. Filin jirgi ba ya barci, ana canjin aiki dare da rana. Matar nan da ta ɗaukar mana zamzam, a hanya ta faɗa mini Koira Tegi take zaune, can arewacin gari, mota biyu take hawa zuwa, biyu dawowa. Mu yi lissafi tare. Mu ce kowane hawa dala 50 ne, wato sefa 250. Hawa 4 a rana, jika 1 kenan. In ta yi aiki kwana 26 a wata, jika 26. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun farkon 2024, jika 42 ne. Duk mai karɓar wannan albashi da ke irin wannan zirga-zirga, fiye da rabin guminsa a hanya yake zubewa, bai ci ba, bai biya haya ba, bai sayi magani ba. Shi ya sa za ka ga mutane suna taka rabin hanya da ƙafa cikin zafin watan Afrilu, don su tsira da dala 50.

Ga kuma unguwannin da ke kan wannan hanya, unguwar Filin Jirgi kanta, Talaje da sauransu, cike da jama'ar da kowace safiya sai sun shiga gari neman abinci. Motar da za ta yi wa fasinjan jirgi amfani ita ce za ta yi musu amfani.

Yanzu mu tuna abin da aka yi a 2019. A watan Yuli na shekarar Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, wanda a cikinsa aka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na nahiyar. Saboda taron aka sabunta filin jirgi, aka yi babbar hanya daga can zuwa tsakiyar gari, aka gina manyan otal-otal da zauren taro na Mahatma Gandhi. Ban ce aikin banza ba ne. Filin ya yi kyau, hanyar ma ta yi kyau, duk wanda ya san yadda wurin yake a da zai shaida. Tambayata guda ce: da ake zana wannan hanya, wane mutum aka sa a gaba? Amsar tana bayyane ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakinta da akwati a ka. An yi ta ne da tunanin wanda mota ke jira. Wanda zai fito ya nemi abin hawa, sai dai ya yi ta kansa. Haka ma layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, a wannan ɓangare na gari: mun ga ƙarafuna, mun ga biki, amma ba mu ga jirgin ƙasa na kai mutane aiki kowace safiya ba.

Kar kowa ya tashi daga nan ya ce na zagi direbobin taksi. Daren nan na ji haushinsu, ba zan ɓoye ba. Daga baya na zauna da wani dattijon direba a unguwarmu na kai masa ƙorafi. Ya ce: "Ɗana, motar ba tawa ba ce. Kowace yamma akwai kuɗin da zan kai ma mai ita, ko na samu ko ban samu ba. In na je filin jirgi da dare, awa uku ina jiran jirgi guda. In na kai mutum Harobanda, wayam zan dawo. Mai kuma ba kyauta ake ba ni ba." Na rasa abin ce masa. Shi ma talaka ne yana neman na cefane. Shata tana da kuɗinta ko'ina a duniya, kuma wanda ke da hali yana son sauri, ya hau, ba laifi. Abin da ke damuna shi ne babu zaɓi na biyu. Sai a bar talaka biyu suna ja-in-ja ƙarfe 3 na dare a kan jika 2, alhali waɗanda alhakin tsara sufurin gari ke wuyansu suna barci.

Abin nan kuwa ba sabo ba ne a Afirka. A Dakar, filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a Disamban 2017 yana wajen kilomita 50 daga gari, kusan ninki biyar na nisan namu, amma akwai bas ɗin da ke jigila tsakaninsa da birni da farashi sananne. A Kasablanka tashar jirgin ƙasa tana cikin filin jirgin Mohammed V, ka sauka, ka yanki tikiti, ka shiga gari. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Maroko suna nan cikinmu, ku tambaye su. Ni ban ce a yi mana jirgin ƙasa gobe ba. Kilomita 10 ce, a kan titi mai kyau da an riga an gama kashe masa kuɗi.

Za a ce mana tsaro. Gaskiya ne, filin yana maƙwabtaka da sansanin sojan sama, kuma halin da ƙasa ke ciki ba ya son sakaci. Amma bas guda mai lamba, da direba sananne, da lokacin zuwa sananne, ya fi sauƙin bincike a kan mutane barkatai da ke kwana a kan kayansu. In ma ba za a bar shi ya shiga ciki ba, a yi masa matsaya kusa da ƙofa. Za a kuma ce ba riba. To, ƴan unguwannin kan hanya da ma'aikata su ne za su cika shi da rana. Na dare kuma, in bai biya kansa ba, ai fitilun kan titi ma ba sa kawo riba, amma ba wanda ya ce a kashe su.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, kuma da gangan na taƙaita shi don kar a ce mun roƙi abin da ba zai yiwu ba.

Na ɗaya, layin bas guda daga filin jirgi zuwa Babbar Kasuwa, ya ƙetare kogi zuwa Harobanda, da farashi guda da kowa ya sani, da lokutan tashi da suka yi la'akari da saukar jiragen dare da canjin aikin ma'aikata.

Na biyu, matsaya mai rumfa da benci da fitila, da hanyar ƙafa mai kyau zuwa gare ta, yadda tsohuwa ko mai keken guragu zai iya isa ba sai an ɗauke shi ba.

Na uku, allo a bakin fita mai ɗauke da farashin shatar taksi unguwa-unguwa, na rana da na dare, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A zauna da ƙungiyoyin direbobi a tsayar da shi tare da su. Wannan zai kare fasinja, zai kuma kare direba mai gaskiya daga zargi.

Mu kuma mi za mu yi? In muka je ofis da baki kawai, za a ba mu ruwa mu sha a sallame mu. Shawarata mu fara da ƙidaya. Mu raba kanmu, mutum biyu-biyu, na mako guda, mu tsaya bakin babban titi a unguwannin da ke kan hanyar, nesa da shingayen jami'an tsaro, kuma ba ɗaukar hoton filin jirgi ko na soja. Mu rubuta minti nawa mutum ke jira kafin ya samu mota, faba-faba nawa suka wuce a cike, nawa mutane ke kashewa a rana. Mu tambayi ma'aikata da izininsu, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Mu ji ta bakin direbobi da aparanti. Sannan mu haɗa shafi biyu, ba ƙari, mu kai wa hukumomin birni da masu kula da sufuri, mu karɓi shaidar an karɓa, mu koma bayan wata guda mu tambayi ina aka kwana. In aka yi shiru mu sake komawa, mu kuma sanar da jama'a duk matakin da muka ɗauka. Wannan aikin ba ya bukatar kuɗi, littafi da biro da haƙuri kawai yake so, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan'uwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, kar ku ce wannan matsalar ƴan Yamai ce. Filayen jirginku ba su da yawan zirga-zirga, amma ku je tashar kar da dare, lokacin da motar Yamai ta iso bayan tafiyar yini guda. Ku ga yadda mace mai goyo da buhu ke ciniki da ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita cikin duhu, farashi ya ninka don an san ba ta da mafita. Ku ma ku ƙirga naku, ku turo mana, mu haɗa.

Gwaggo dai ta warke, tana can tana suyar ƙulinta. Duk wanda ya je yi mata barka da dawowa, bayan labarin Makka da Madina sai ta ba shi labarin yadda ta kwana zaune a kan akwati a babban birnin ƙasarta, da ƴar sharar da ta ɗaukar mata zamzam. Har yau tana sa ta cikin addu'a, ko sunanta ba ta sani ba. Ta ce in Allah ya ba ta iko za ta koma, wannan karon Hajji. Ina so ranar da zan sake zuwa tarbarta in samu bas a bakin ƙofa.

Wanda zai shiga aikin ƙidayar ya ba da sunansa kafin mu tashi, ya faɗi ranar da yake da sarari, safe ko yamma. Ni na ɗauki asubahin Litinin.  Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.